Shekarar da Iya ta Daina Shan Kabewa

Ranar tara ga watan Muharram, a shekarar 1966, da hantsi, ni ce na ɗauko kabewar Iya tun daga kasuwa har saman dutsen da gidanmu yake a unguwar Misfala, a Makka. Shekarata goma. Kabewar ta fi kaina girma, gammon da aka naɗa mini da tsohon ɗankwali ya zame tun a gindin dutse, ga ranar Makka da ba ta san yaro ba, ga azumin Tasu'a da na dage sai na yi don kada ƙannena su raina ni. Iya tana gaba da sandarta, ba ta waiwaye, sai in ta ji na yi nisa a baya ta ce, "Balarabiya, in kika fasa ta, ke zan dafa." Haka take kirana, wai don bakina ya fi saurin kama Larabci. Kafin mu saya sai da ta gajiyar da mai kabewar, wani dattijo mutumin Ɗa'if. Ta ƙwanƙwasa wannan, ta shinshina hancin waccan, ta ɗaga ta ajiye, shi kuwa yana ta cewa, "Ya Hajja, dubba kulluha dubba," wato kabewa ai duk kabewa ce. Larabcin Iya bai wuce na salla da na ciniki ba, amma ta ji shi sarai, ta kuma yi kamar ba ta ji ba.

Iya mahaifiyar babana ce. A unguwa Hajiya Hauwa ake ce mata, amma sunan da uwarta ta raɗa mata Marka, don a tsakiyar damina aka haife ta, a wani ƙauyen Maguzawa da ke kudancin Kano. Babana ya musulunta yana saurayi wajen cin rani. Da mahaifinsa ya rasu, ya koma ya ɗauko ta, ita ma ta karɓi kalmar shahada, suka kama hanyar gabas. Sun yi shekaru suna tafe, su tsaya a Cadi su yi noma, su tsaya a Sudan su tsinci auduga, a can ya auri mamata, har Allah ya sa suka haye teku. Ni a Makka aka haife ni, a gidan da Baba ya haɗa da hannunsa da katako da garewanin da aka buɗe aka daddake. Ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida, da rana ya ɗauki zafi har ba a taɓa bango, da dare mu kwashi tabarmi mu fito waje. Baba yana tsire a unguwar Mansur. Mama tana soya gyaɗa, mu ƙulla, mu kai wa alhazai. Aikina kullum ɗebo ruwa a famfon ƙasan dutse, da shara, da goyon ƙanina, in an samu sarari kuma mu zana ƙasa da gawayi mu yi tsalle-tsalle da 'ya'yan maƙwabta, ko Iya ta zube mana tsakuwa ta cinye mu a carafke tana dariya.

Ban taɓa ganin wanda ya riƙe salla kamar tsohuwar nan ba. Ta bar giya, ta bar tsafi, ta bar layun gargajiyar da aka ɗaura mata tun tana jaririya, ta bar sunanta. Abu ɗaya ne ta ƙi saki, shi ne shan kabewa. Ta sha ba ni labarinsa muna ɓarar gyaɗa. A garinsu, in damina ta ja baya kaka ta kama, ba mai taɓa sabuwar kabewa ko da ta nuna ta fashe a gona, sai babban gida, wato dattijon dangi, ya sa rana. Ran nan za a taru a gindin tsamiya, a yanka jan zakara, masu garaya su kwana suna kiɗa, a dafa kabewa a manyan tukwane, a zuba ƙwaryar farko a ƙasa, sannan kowa ya sha. Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne dokar ranar. Duk ɗan gidan, ko aure ya kai shi wani gari, ko fatauci, a ranar zai sha, a inda yake. "Wanda ya sha tare da mu namu ne," in ji ta, "wanda ya sha shi kaɗai ya fita daga gida." Ta baro ƙaninta Nomau a can, shi ne babban gida yanzu, kuma ba ta da wata hanyar gaishe shi sai wannan. Saboda haka shekara take yi cur ba ta ɗanɗana kabewa, ko a miyar biki ce, tana jiran ranar.

Shekarar da suka shigo Makka ta tambayi Baba wane lokaci ne a gida. Ya ce kaka ce, kuma gaskiya ya faɗa. Watan kuwa Muharram ne, watan cika-ciki, lokacin da kowane gidan Hausawa ke ɗora babbar tukunya a ci a ƙoshi. Sai ta dafa kabewarta a cikin hayaniyar, ba wanda ya ce mata me ya sa. Daga nan ranar ta zauna a tara ga Muharram. Sauran bikin kuma ya riƙa zubewa a hankali, kamar haƙoranta. Zakara ya tafi tun a hanya. Garaya ba a ma maganarta. Shekarun farko, in ji Mama, takan kifa ƙwarya a ruwa ta ɗan kaɗa da ludayi ƙasa-ƙasa, har ran da wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta tambaya ko bori ake yi a gidan. Baba ya dawo ya ji, ya tsorata, don a lokacin takardunmu ba su cika ba, kuma kalma ɗaya irin wannan in ta kai kunnen da bai kamata ba, ta isa a tattara gida guda a sa a jirgi. Kiɗa ya mutu a ranar. Ƙwaryar farko da ake zuba wa ƙasa ta koma sadaka, a yi bisimilla a miƙa wa duk wanda ya fara wucewa ta ƙofa. Da na yi wayo, abin da na tarar ke nan, tukunya ɗaya, da tsohuwa ɗaya da ke fuskantar yamma bayan ta idar da salla tana kiran sunayen mutanen da ban sani ba.

Na san mai karatu zai ce, ashe ba ta san watan Musulunci yana zagaya shekara ba? Ni ma na sha tambayar kaina. A garinsu ba a kiran wata da suna. Da raɓa ake gane lokaci, da kan gero, da kukan tsuntsu, da ƙamshin ƙasa. Makka kuwa ba ta da ko ɗaya. Dutse ne da rana, wani lokaci zafi ya yi yawa, wani lokaci ya ɗan sassauta, ruwa in ya ga dama ya zo sau ɗaya ya kwashe kayan mutanen kwari ya tafi. Kabewa kuma kullum akwai ta a kasuwa. "Garin nan ba shi da fuska," haka take cewa. Ta miƙa wa ɗanta lissafin kamar yadda makaho ke miƙa sanda, ba ta sake bi ta kai ba. Matan unguwa kuwa sun ɗauka kabewa ce kawai abincin cika-cikin Hajiya Hauwa.

To, ran nan mun iso gida da kabewar lafiya. Na zube a inuwa ina haki, Iya ta ce in tashi, ba a haifi mai hutu a gidan nan ba. Muka fere, muka yanka, ta ware 'ya'yan ta shanya a faifai kamar kullum, ko da yake ba ta da inda za ta shuka su. Mama ta sauko da busasshen naman Mina da muka shanya a igiya bayan Hajji, da jelar ragon da aka adana don wannan dare. Ni na daka gyaɗa, ƙanwata ta tsince gero, aka fito da ɗan guntun daddawar da Iya ke ɓoyewa a ƙullin zane, wadda wata Hajiya ta kawo mata tsaraba. Maƙwabtanmu Larabawa sun riga sun yi nasu tun farkon wata, sun sha madara wai don shekara ta yi fari, sun aiko mana a kwano, mu ma za mu mayar musu da kwanon cike. Kafin la'asar gidan ya cika da ƙamshi, ni kuma yunwa ta fara nuna mini taurari. Iya ta yi wanka, ta ɗaura baƙin saƙinta da ta zo da shi daga gida, wanda ba ya fitowa sai wannan rana.

Gab da magariba Baba ya shigo da baƙo. Wani Alhaji Audu ne, matashi, cikin alhazan da suka rage suna jiran jirgi. Ya tsaya sayen tsire, hira ta yi hira, sai ga shi ɗan ƙauyen da ke maƙwabtaka da su Iya, bai fi shekara biyu da musulunta ba. Da Iya ta ji sunan kakansa sai ta saki sanda ta kama hannun rigarsa. Aka sha ruwa, aka yi salla, aka shimfiɗa tabarma. Ta hana a kai ƙwaryar farko waje, ta ce yau sadaka ta kawo kanta. Ta tambaye shi mutane ɗaya bayan ɗaya, yana cewa wannan ya mutu, wannan ya koma birni, wannan ya musulunta, wancan ya bi 'yan mishan. Ta bar Nomau a ƙarshe don tsoro.

"Baba Nomau yana nan, Iya," in ji shi. "Ido ne dai ya yi rauni. Gida uku suka rage a kan tsohuwar hanya. Mai garayar ma ya tuba, yanzu ba kiɗa, ba taro kamar da. Amma shan kabewa bai fasa ba. Duk shekara sai ya cika ƙwarya ɗaya ya ajiye gefe, ya ce ta Marka ce, tana can gabas tana sha tare da mu."

Iya ta rufe fuska da gefen zane. Da ta buɗe, tana murmushi, ta nuna tukunya ta ce, "To ka gani da idonka. In ka koma ka gaya masa. Yanzu haka su ma suna gindin tsamiya."

Alhaji Audu ya yi dariya, dariyar wanda bai san ya taka komai ba. "Yau kuma, Iya? Ai yanzu bazara ce a gida. Na baro ana sharar gona, rijiyoyi sun ja. Irin kabewa ma yana rataye a rumbu, ko ruwan shuka ba a samu ba."

Ludayin yana hannunta, ta riga ta kai shi baki sau biyu. Na ga ta mayar da shi cikin ƙwarya a hankali. Ba ta kalli baƙon ba, ɗanta ta kalla. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ɗan fari ne, sai dai ta ce "kai".

"Kai, ka san haka?"

Baba ya sunkuyar da kai. "Na sani, Iya."

"Tun yaushe?"

"Tun da daɗewa. Watan ne ke matsawa kaɗan-kaɗan. Da farko na ga bambancin bai taka kara ya karya ba. Daga baya na ga in kin dafa a cikin cika-ciki ba mai tambaya. Tsoro na ji, Iya. Yaran nan na duba."

Muka ji kiran isha daga Harami. Sannan ta juya wajen baƙon ta ce, "Ɗan nan, gaba nake da su, ko baya?" Rabin shekara ne tsakani, ko ta ina aka auna nisan ɗaya ne. Ta jawo buta ta wanke hannu, ta ce mu ci, kada abinci ya huce. Muka ci, don yara ne mu kuma mun wuni da azumi.

Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mana sauƙi. Washegari ta tashi ta yi sallarta, ta ɓare gyaɗarta, ta gaishe da Baba kamar kullum. Da Alhaji Audu ya zo sallama, Baba ya ja shi gefe yana roƙonsa kada ya faɗa wa Nomau. Iya ta ji daga ɗaki ta ce a bar shi ya faɗi abin da ya gani, ƙarya ta isa haka. Abin da ya canza shi ne labari. Ta daina ba ni labarin garinsu. In na tsokane ta da tambaya sai ta ce, "Balarabiya, me za ki yi da garin da ba ki da ƙwarya a cikinsa?" Carafke ma ta bar mana. Na ji haushin baƙon nan ƙwarai, na ji haushin Baba, har ita ma na ji haushinta, don a ganina na yarinya kabewa ce kawai, a sake rana mana a huta.

Baba ma haka ya ɗauka. Ya bi 'yan'uwansa masu sauraren rediyo a Mansur, ya tambayi wani malami mai kalandar Turawa, ya yi ta lissafi. Bayan wata shida ya hawo dutse da kabewa a kafaɗa, gumi na zuba, ya ajiye a gabanta ya durƙusa. Ya ce yanzu kam kaka ce a gida, ya tabbatar, ta dafa, ko me maƙwabta za su ce shi ya ɗauka. Na san abin da wannan magana ta ci masa, mutumin da ko tari mai ƙarfi ba ya so a yi a gidan. Iya ta shafa kabewar, ta ƙwanƙwasa, ta ce mai kyau ce. Sannan ta ce, "Kaka ai wata biyu ce, ko fi. A garinmu sai babban gida ya shiga gona ya ga hancin kabewa ya bushe, sannan ya sa rana. Wata shekara ta yi sauri, wata ta yi nawa. Ka ga gonar?" Ya ce bai gani ba. Ta ce, "To a dafa wa yara."

Ba hanyar da bai nema ba. Saƙo tsakaninmu da gida sai ta bakin alhazai, su kuma sau ɗaya suke zuwa a shekara, labarin da suke kawowa ya riga ya kwana. Wani ya zo ya ce an sha bara, bayan an yanke gero, amma ranar ta bana sai Allah. Wani ya ce Nomau ya ji, ya ce a gaya mata ba komai. Iya ta ce shi zai ce ba komai, ai ƙaninta ne. Duk Muharram ta ci gaba da saukowa kasuwa da ni, ta gajiyar da dattijon Ɗa'if, ta dafa mana, don kada mu tashi mu ga an rage mana wani abu. Sai ta zauna gefe da tuwonta da miyar kuka tana kallonmu. Baƙin saƙin bai ƙara fitowa ba. A shekara ta biyu na lura Baba ma ya daina sa hannu a tukunyar. Ba su taɓa yin maganar ba, shi da ita, suna dai zaune a tabarma ɗaya suna cin miyar kuka a daren da kowa ke cika ciki.

Shekara uku bayan zuwan baƙon nan ta kwanta ciwon ajali. Haƙora sun ƙare, ba abin da ke wucewa sai mai ruwa-ruwa. Mama ta dafa kabewa ta tace ta cikin kunu, ta zuba sukari, ta ce in kai mata kada in ce komai. Na tallafo kanta, na kai cokali. Ta shinshina, ta buɗe ido ta dube ni, ta kawar da kai. "Ba yau ba ce," in ji ta. Na ce, "Iya, to yaushe ce?" Ta ce ita ma abin da take so ta sani ke nan. Bayan kwana kaɗan aka sauko da ita daga dutsen, aka yi mata salla a Harami, abin da mutane ke baro ƙasashensu suna roƙon Allah ya ba su. Kowa ya ce ta dace, kuma na yarda ta dace. Amma ni da na riƙe cokalin na san da yunwar abu ɗaya ta tafi.

Yau na girmi Iya ta wancan lokaci. Dutsen namu an fasa shi, otal-otal ne a wurin, ko ni ba zan iya nuna inda ƙofarmu take ba. Ina zaune a bene a unguwar Rusaifa, gwiwa ta hana ni sauka, jikokina suna ce wa kabewa dubba kuma ba sa cin ta. 'Yan shekarun nan wata jikar Nomau ta zo Umra ta neme mu, muka riƙa gaisawa a waya. Ta ce har yanzu akwai 'yan gidajen da ke kan tsohuwar hanya, kuma suna shan kabewa, 'yan'uwansu Musulmi da Kirista ma kan je a gaisa a ci shinkafa, a ɗauki hoto. Na tambaye ta wa ke shiga gona ya duba yanzu. Ta yi dariya ta ce, "Mama, wace gona? Asabar ɗin da yara suka samu hutu ake sawa, a tura wa kowa a waya. In ba ta nuna ba a sayo a kasuwa." Na daɗe riƙe da wayar bayan ta kashe. Ban ji haushinsu ba, kowa da abin da zamani ya bar masa, gajiya ce kawai ta sauko mini. Bana ta turo mini ranar tun saura mako biyu. Na aika aka sayo 'yar ƙarama, na dafa, na zauna ina fuskantar yamma na sha ni kaɗai.

Ranar ta zo har gida, mai jiranta ce babu.